Yini ɗaya tal a Faris da dattijo mai ciwon gwiwa: in ɗauki ɗan jagora ko mu yi ta kanmu?

Maman Hanif: Assalamu alaikum jama'ar gida. Don Allah shawara nake nema wurin waɗanda suka san Faris. Ƙarshen watan Yuni in Allah ya kai mu, ni da mahaifina za mu Faransa, ƙanena ke kammala karatu a Lille. Biza ta fito, alhamdu lillahi. A hanyar dawowa muna da yini ɗaya cur a Faris, ko Talata ko Laraba, sai mu hau jirgi. Baba shekararsa 74, malamin makaranta ne mai ritaya, ya fi shekara talatin yana koyar da tarihi a sakandare. Juyin juya halin Faransa na 1789 ya koyar da shi har ya zauna masa a ka, amma bai taɓa taka ƙasar ba. Matsalar gwiwa ce. Da sanda yake tafiya, in ya yi minti ashirin a tsaye sai ya nemi wurin zama. Wani kamfani ya turo min tsari: mota da ɗan jagora namu mu kaɗai, awa takwas, yuro 650, ban da kuɗin shiga wurare. Sun jera Hasumiyar Eiffel, gidan tarihin Louvre, cocin Notre-Dame, Arc de Triomphe, Montmartre da Fadar Versailles. In aka juya kuɗin nan zuwa naira ya haura miliyan. Ya cancanta?

Ɗan Fagge: Wa alaikumus salam Hajiya. Gaskiya ni ban ba ki shawara ba. Miliyan guda don wani ya nuna miki gini da yatsa? Na je a 2023, kwana uku, babu wanda ya riƙe min hannu. Tikitin metiro, jirgin ƙarƙashin ƙasa, bai kai yuro 3 ba, kuma babu lungun da ba ya zuwa. Taswira tana cikin wayarki, tarihin kowane gini yana intanet, Baba kuwa shi kansa malamin tarihi ne. Ki riƙe kuɗinki ki yi wa yara tsaraba.

Ɗan Maraɗi a Pari: Salamu alaikum. Shekara goma sha ɗaya nike zaune garin nan, bari in sa baki. Malam Ɗan Fagge, kai da ƙafarka lahiya lau ka zo. Metiron Pari tsoho ne, tun 1900 aka buɗe layin farko, kuma layi na 14 kaɗai ne ke da lif a kowace tasha. Sauran matakala ne, ka sauka ka hau, ka bi dogon rami ka sake hawa. In kuka canza jirgi a tashar Châtelet da dattijo mai sanda, kafin ku fito ya gama gajiyar yini.

Amma Hajiya, tsarin da suka turo miki ma ba na gaskiya ba ne. Versailles ba cikin gari take ba, wajen kilomita 20 ce, zuwa da dawowa da shiga ciki rabin yini ne. Wuri shida cikin awa takwas, ma'anarsa a tsaya bakin ƙofa a ɗauki hoto a koma mota. Na biyu, Louvre ba a buɗe shi ran Talata, Versailles kuma ran Litinin. In sun ce za su kai ku Louvre ran Talata, dalar gilashin da ke tsakar gida kawai za ku gani. Ki zaɓi Laraba, ran nan har ƙarfe 9 na dare yake buɗe.

Maman Hanif: Ikon Allah. Na faɗa musu Talata ko Laraba, ko uffan ba su ce ba kan wannan. Na gode ƙwarai Yaya.

Hajiya Ummu Khalid: Ƙanwata, bari in ba ki labarin abin da ya same mu, don kada ki faɗa ramin da muka faɗa. Bara ni da maigidan da yara uku muka biya irin wannan. Da safe wata baƙar mota ta zo ƙofar otal, tsaf-tsaf, har da ruwan gora. Mutumin kirki ne, ba zan zalunce shi ba, amma direba ne kawai. Duk inda muka je sai ya ce ga shi nan, ku sauka, minti ashirin zan zagayo, don babu wurin ajiye mota. Da muka isa Louvre ya miƙo mana tikiti ya ce shi ba shi da izinin shiga ya yi bayani. Muka shiga kamar an saki kaji a kasuwa, awa biyu muna bin kibiya muna neman zanen Mona Lisa. Da muka same ta, ɗan ƙaramin allo ne bai kai tabarmar salla ba, a bayan gilashi, mutane sun fi ɗari kowa ya ɗaga waya. Autana ya ce Mama, wannan ce? Abin da ya fi min ciwo, a takardarsu sun rubuta ba za mu bi layi ba. Layin sayen tikiti ne kawai ba mu bi ba, na binciken jaka kowa sai ya bi.

Ɗan Maraɗi a Pari: To Hajiya ta taɓo inda gizo ke saƙa. A dokar Faransa, wanda kamfani zai ba ka ya yi maka bayani a cikin gidan tarihi ko ginin tarihi sai mai katin sana'a, ana ce masa guide-conférencier. Karatu ake yi kafin a samu, hukuma ke bayarwa. Direba daban, mai katin nan daban. Ki tambaye su a rubuce: wanda zai zo yana da katin? Zai shiga ciki da mu? Da wane harshe zai yi magana? In suka fara kwana-kwana, kin san amsa.

Ɗan Fagge: Ai kun ga maganata ta fito. Hajiya ta biya, ba ta ga komai ba.

Hajiya Ummu Khalid: A'a ɗana, kada ka ɗora min abin da ban faɗa ba. Ban ce ɗan jagora ba shi da amfani ba, cewa na yi ban samu ɗan jagora ba. A cikin Louvre ɗin na ga wata mata da tsofaffi biyu, tana tafe a hankali tana yi musu bayani, ta san inda lif yake, ta san inda benci yake. Wallahi sai da na ji ina ma mu ne.

Injiniya Zazzau: Ni abin da zan ce, ko me za a yanke kada a yanke hawa Eiffel. Wanda ya zo Faris bai hau ba, da saura. Ƙarfe ne guntu-guntu fiye da 18,000 aka haɗa da ƙusoshi miliyan biyu da rabi, cikin shekara biyu da wata biyu, aka gama a 1889. Da niyyar a kwance ta bayan shekara ashirin aka gina, amfaninta ga aika saƙon rediyo ne ya cece ta. Yau tsayinta mita 330. Akwai lif har sama, Baba ba zai taka matakala ba. A dai sayi tikiti ta intanet tun yanzu, don na bazara da wuri yake ƙarewa.

Ɗaliba a Lyon: Kawu Injiniya, lif ɗin akwai, amma tsayuwar fa? Bincike a ƙofar shiga, layin lif a ƙasa, sannan a hawa na biyu a sauka a sake bin wani layin na lif ɗin ƙoli. Na kai ƙanwar mamata a watan Yuli, kusan awa uku muka kashe, galibi a tsaye. Anti Maman Hanif, in ni ce, zan kai Baba dandalin Trocadéro da ke tsallaken kogi. Daga can ake ganinta gaba ɗaya, tun daga ƙafa har kai, ga wurin zama. Wanda ke samanta ai ita ce kaɗai ba ya gani.

Injiniya Zazzau: 'Yata, gani daga nesa daban, tsayawa a mita 276 ka ga garin shimfiɗe a ƙarƙashinka daban. Amma na yarda, mai gwiwa shi ya san gwiwarsa.

Malam Abu Sumayya: Ban ga wanda ya yi maganar salla ba. Kuma ina da tambaya tsakani da Allah: gidan nan na Louvre cike yake da gumaka da zanen mutane tsirara. Mace da mahaifinta, ina kunya? Yawo a ƙasa don ɗaukar darasi Alƙur'ani ya yi umarni da shi, a je a ga yadda ƙarshen mutanen farko ya kasance. Amma a san abin da ido zai kalla.

Ɗaliba a Lyon: Malam, maganarka gaskiya ce, akwai su da yawa, har a lambuna da kan gadoji. Amma wannan ma dalili ne na samun wanda ya san gidan. Abin da aka baje ya kai 35,000, babu mai gamawa a yini. Akwai sashen kayan tarihin Musulunci da aka buɗe a 2012, akwai na Masar ta dā, akwai dutsen dokokin Hammurabi na Babila. In aka faɗa wa ɗan jagora tun farko, ya san ƙofar da zai bi da ɗakunan da zai kauce wa, ko da ba za a kauce wa duka ba. Suna kuma ba da aron keken marasa lafiya da kujerar naɗewa kyauta, katin shaida kawai za a ajiye. Sai dai a sani, tun Janairun 2026 kuɗin shiga ga wanda ba mazaunin Turai ba ya koma yuro 32 daga 22.

Ɗan Maraɗi a Pari: Zancen salla mai sauƙi ne Malam. Babban Masallacin Pari yana unguwa ta 5, kusa da lambun Jardin des Plantes, daga Notre-Dame tafiyar 'yan mintoci ce a mota. Ƙarshen Yuni azahar tana shiga wajen ƙarfe 2 saura, su matafiya ne, sai su haɗa da la'asar. Magariba kuwa sai wajen 10 na dare, yinin yana da tsawo sosai. Masallacin kansa abin gani ne, hasumiyarsa mita 33, gini irin na Maroko, da tsakar gida mai ruwa da shuke-shuke. A watan Yulin 1926 aka buɗe shi, bana shekara ɗari ke nan. Akwai wurin cin abinci na halal a jikinsa, da shayin na'ana'a. Kamfanonin nan ba sa sa shi cikin jerinsu sai ka nema.

Ɗan Ƙonni: Ku gafarce ni, zan fito da abin da ke raina. Masallacin nan da kuke yabo, kun san dalilin gina shi? Don tunawa da dubban sojojin Musulmi na ƙasashen da Faransa ta mallaka, waɗanda suka mutu mata a yaƙin duniya na farko. Jinin kakanninmu ne kuɗinsa. Ni ɗan Birnin Ƙonni ne. A 1899 rundunar Faransa ƙarƙashin Voulet da Chanoine ta ƙone garinmu ta kashe mutane ba adadi, bayan ta yaƙi Sarauniya Mangu a Lugu. Ɗan jagoran da za ki ba sefa fiye da jika 400, zai faɗa wa Baba wannan? Zai tsaya ƙarƙashin Arc de Triomphe ya karanto sunayen janar-janar ɗin Napoleon da garuruwan da suka ci, har da na Masar, yana alfahari. Dogon dutsen da ke dandalin Concorde ma daga Luxor ta ƙasar Masar aka kwaso shi.

Injiniya Zazzau: Ɗan'uwa, abin da aka yi a Ƙonni babu mai musu, Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu. Amma gyara ɗaya: dutsen Concorde ba sata ba ne, Muhammad Ali Pasha mai mulkin Masar ne ya ba da shi kyauta, aka kafa shi a 1836. Ɗan'uwansa yana nan tsaye a Luxor har gobe. In kayan da aka kwasa da bakin bindiga kake nufi, ka ce gidan tarihin Quai Branly, wanda ya mayar wa Jamhuriyar Benin kaya 26 na fadar Abomey a Nuwamban 2021.

Ɗan Ƙonni: Na karɓi gyara Injiniya. Amma kyautar da mai mulki ya yi da abin da ba shi ya sassaƙa ba, mutanen Luxor aka tambaya? Tambayata dai tana nan.

Maman Hanif: Yaya Ɗan Ƙonni, na karanta wa Baba saƙonka da dare. Ya yi shiru, sannan ya ce in gaya maka ya koyar da labarin Voulet kamar yadda ya koyar da yaƙin Burmi na 1903, kuma ba zai je a gaya masa abin da zai yi tunani ba. Sai na yi abin da ya kamata in yi tun farko, na tambaye shi me yake so ya gani. Bai ambaci Eiffel ba, bai ambaci Mona Lisa ba. Ya ce kurkukun Bastille, da gidan yarin da aka tsare sarauniyar Faransa, da filin da aka sare kan sarkinsu. Uku ke nan. Jerin kamfanin babu ko ɗaya a ciki.

Ɗan Maraɗi a Pari: Madalla, yanzu aka zo wurin. Amma ki shirya masa zuciya, Bastille babu ita. Tun 1789 aka fara rushe ta, yanzu fili ne da motoci ke kewayawa, doguwar hasumiyar da ke tsakiya ma ta juyin 1830 ce. Gidan yarin shi ne Conciergerie, yana tsibiri ɗaya da Notre-Dame. Filin kuma Concorde ne. Duk suna kan layi ɗaya kusa da kogin Seine. Ba ki buƙatar mota ta yini. Tsakiyar gari an takura wa motoci, titin Rivoli galibinsa na keke ne da bas da tasi, gudu kuma kilomita 30 a yawancin tituna. Ki ɗauki mai kati na awa huɗu ko biyar, tsakanin wuri da wuri ku hau tasi. Bas mai lamba 72 ma bakin kogin yake bi, kuma ƙofarsa ƙasa-ƙasa take. A kula da aljihu, kuma duk wanda ya miƙo takarda a sa hannu a wuce shi.

Ɗan Fagge: Har yanzu ina ganin ƙanin nata na Lille zai iya wannan aikin kyauta. Awa ɗaya ce a jirgin ƙasa.

Maman Hanif: Zai zo tare da mu, amma lissafi ya karanta, sau biyu kacal ya taɓa shiga Faris. Ya ce shi ɗaukar jaka zai yi.

Maman Hanif: Salamu alaikum jama'a, mun dawo lafiya tun shekaranjiya, ga bayani kamar yadda na yi alkawari. Na bar kamfanin farko. Na samu wata mata mai katin nan, za ta haura hamsin, tana jin Turanci sosai, awa biyar yuro 380. Kwana uku kafin ranar ta turo tambayoyi: minti nawa Baba ke iya tsayawa, me yake koyarwa, ƙarfe nawa za mu yi salla.

Ƙarfe 9 muka haɗu a Bastille. Da mu kaɗai ne da mun kalli motoci mun tafi. Ita kuwa ta tsallakar da mu titi ta ce Baba ya dubi ƙasa. Ashe an jera wasu duwatsu daban a cikin daɓen titi, suna nuna inda bangon kurkukun ya bi. Baba ya sa bakin sandarsa a kan layin yana bin sa a hankali, taku-taku, har inda ya lanƙwasa. Ya tambaye ta fursuna nawa aka samu ranar 14 ga Yulin 1789 da aka fasa kurkukun, ta ce bakwai, ya ce haka ne, haka nake faɗa wa yara ba sa yarda. Daga nan suka zama kamar abokan aiki, ni da ƙanena muna biye.

Conciergerie ta riga ta saya mana tikiti. Akwai 'yan matakala, ta kama masa hannu ɗaya ƙanena ɗaya. Mun ga katafaren zauren dogarai da wurin da aka tsare sarauniya Marie-Antoinette kafin a kashe ta a Oktoban 1793. Notre-Dame daga waje muka tsaya, layin ya yi tsawo ko da yake shiga kyauta ne. Ta nuna mana sabon tsinin da aka maye gurbin wanda ya faɗi a gobarar Afrilun 2019, ta ce a Disamban 2024 aka sake buɗewa. A Concorde ta nuna masa ɓangaren filin da aka kafa injin sare kai ranar 21 ga Janairun 1793 da aka kashe sarki. Rana ta yi zafi, babu inuwa, ba mu daɗe ba.

Yaya Ɗan Ƙonni, saƙonka ya isa. A masallaci, bayan mun yi salla, ta kai mu gaban allunan tunawa da sojojin Musulmi da Shugaba Hollande ya ƙaddamar a 2014. Ita da kanta ta kawo zancen Thiaroye ta ƙasar Senegal, inda sojojin Faransa suka harbe sojojin Afirka a Disamban 1944 kan sun nemi haƙƙinsu. Baba ya tambaye ta Ƙonni fa? Ta ce ta san sunan Voulet, amma ba ta san garuruwan ba. Muna zaune ana shan shayi ya ba ta labarin tun daga Lugu har Dankori, ta ciro ɗan littafinta ta ce ya rubuta mata sunayen da hannunsa.

Abin da bai yi daɗi ba: kuɗin tasi ya fi yadda na ƙiyasta, sau ɗaya mun yi kusan rabin awa a cunkoso mita tana ci. Louvre ba mu shiga ba sam, bayan la'asar gwiwar ta kumbura sai da muka koma otal ya kwanta awa uku. Kawu Injiniya, ka yi haƙuri, ba mu hau ba. Bayan magariba muka je Trocadéro, ya zauna a kan dakali, ƙarfe 11 daidai fitilun Eiffel suka yi ta walƙiya minti biyar.

Ɗan Ƙonni: Allah ya saka wa Baba da alheri, ya ƙara masa lafiya. Ki ce masa wani ɗansa na Ƙonni yana gaishe shi.

Ɗan Fagge: Barka da dawowa Hajiya. Ni dai har yanzu yuro 380 tana min yawa, kuma da ni kaɗai ne ba zan biya ba. Amma duwatsun nan na Bastille, na tsaya a filin nan da kaina, na ci abinci a gefensa, ban gan su ba. Ta wane ɓangare suke?

Maman Hanif: Ta bakin titin Henri IV, inda ya haɗu da filin. Zan tambayi ƙanena ya turo hoton da ya ɗauka, sandar Baba ma ta fito a ciki.

Hajiya Ummu Khalid: Ƙanwata ki turo min lambar matar ta akwatin sirri. Maigidan ya ce in Allah ya nufa za mu koma, kuma wannan karon Louvre ɗin nake so mu shiga da wanda ya san hanya.